Karo-karon Tiyata Kada Ya Manta Da Gashin Ƙashi

'Yan uwa na Kasuwar Kure, idan muka haɗa wa ɗayanmu kuɗin sauya gwiwa ko ƙugu a Asibitin Ƙashi na Dala, kada lissafinmu ya tsaya a tiyata. Likitoci kan sa mutum ya fara takawa cikin kwana 1 zuwa 2, domin doguwar kwanciya na daskarar da jini a ƙafa. Gwiwar da ba a motsa ta a makonni 6 na farko kan ƙage, har hawa babur ya gagara.

Shawararmu: kowane karo-karo ya ware kuɗin gashin ƙashi a nan Minna, a kuma riƙe masa shago na wata 3. Mai sabon ƙugu ya guji tsuguno sai likita ya yarje.

Allah Ya ƙara mana lafiya.