Nahawun Mayaudari

Mai son juya tunanin wani ba ya buƙatar ƙarya tsagwaronta; ginin jimla ya ishe shi. Littafin J. L. Austin na 1962 ya nuna cewa furuci kansa aiki ne. Mayaudari ya san haka, kuma ɗalibin harshe ya fi kowa cancantar gane kayan aikinsa.

Na farko lamirin "an" ne. Saurayi ya ce wa budurwa, "An ce kin canza." Aikau ya ɓace, zargi ya tsaya, ita kuwa ta shiga kare kanta gaban mutanen da ba su da suna. Na biyu sharaɗi ne: "Da kina ƙaunata, da kin ba ni lambar sirrin salularki." Nan an ɗaure ƙauna da biyayya, ƙin yarda ya zama shaidar rashin so. Na uku tambaya ce mai ɗauke da hukunci: "Yaushe za ka daina wulaƙanta ni?" Duk amsar da aboki ya bayar, ya riga ya karɓi laifi.

Kunya ce ke ba waɗannan dabaru ƙarfi, domin tarbiyya ta hana a titsiye babba ko masoyi. Amma neman bayani ba rashin kunya ba ne. Wanda aka ce wa "an ce" yana da haƙƙin tambayar wa ya ce. Mai gaskiya zai kawo suna. Mayaudari zai sauya zance ko ya fusata, fushin nan kuwa shi ma amsa ne.