Makarantar Da Ke Bisa Teku

Zuwa ga Edita. A wannan mako ina roƙo ka ba ni fili in ɗauki masu karatu daga nan Dutse, inda babban ruwanmu bai wuce madatsar Warwade da kududdufan damina ba, in kai su teku su ga wata makaranta wadda ba aji ba allo.

Bayan jiragen inji sun fito, sannu a hankali aka bar dakon kaya da jiragen nan masu tafiya da iska. Amma ba a yar da su duka ba, sai aka mai da waɗansu wurin horon samari. A 1956 aka yi tseren farko na irinsu, daga Torbay ta Ingila zuwa Lisbon ta Fotugal, har yau kuwa ana yi. Sharaɗinsa, lalle rabin mutanen kowane jirgi su zama 'yan shekara 15 zuwa 25. Ba Turawa kaɗai ba, ƙasar Oman ma tana da nata, ana ce masa Shabab Oman, watau Samarin Oman.

Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Sedov na Rasha, wanda aka ƙera a Jamus a 1921. Tsawonsa mita 117, yana da ginshiƙai huɗu inda ake rataya manyan zannuwan da iska ke turawa. Ka sami dogayen dabinon Dutse guda biyu ka ɗora ɗaya bisa ɗaya, ba su kamo ƙololuwar ginshiƙin ba.

To, jama'a, ku ji yadda ake zama ciki. Ran da yaro ya shiga akan sa shi cikin ƙungiya, galibi ƙungiyoyin uku ne. Kowace ta yi gadi sa'a huɗu ta huta takwas, haka dare haka rana, har a iso gaci. Wanda gadinsa ya faɗo tsakar dare, a zo a taɓa shi ya tashi, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Wani ya riƙe akalar jirgi idonsa na kan kamfas, wani ya tsaya a goshi yana duban fitilun waɗansu jirage, saura su zauna kusa da igiyoyi. Igiyoyin nan ɗaruruwa ne, kowace da sunanta da turkenta, tilas kuwa ya san su har ya iya lalubo wadda ake nema cikin duhu.

In iska ta tsananta sai a ce a hau a naɗe zannuwa. Nan ne ake sanin maza, ko da yake 'yan mata ma suna hawa, sau da yawa har su riga. Yaro ya bi tsanin igiya ya yi sama, ya ɗaure ɗamararsa da ƙugiya, ya taka igiya guda ɗaya tak ya bi sandar da aka gicciye, cikinsa bisa sanda, hannuwansa na tattaro zane mai nauyi kamar jiƙaƙƙiyar fata, jirgi kuwa na ta layi da shi. Kwanakin farko hajijiya da amai ba su bar kowa. Makwanci ƙunci, ruwan wanka da awo, waya ba ta kamawa. Ɗan attajiri ya wanke bayi, ɗan talaka ya riƙe akala, gobe a juya. Musulmi kuma in zai yi salla sai ya duba kamfas, don alƙiblar asuba ba lalle ta zama ta la'asar ba in jirgi ya sake hanya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ba a bukatar bulala. Yaron da ke gadi ya san akwai mutane barci ƙarƙashin ƙafarsa, sun ba shi amanar rayukansu. Kakanninmu sun san wannan sarai. Sa'ad da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, ayari na da madugu da jagaba da ubandawaki, yaro kuwa akan ba shi jakuna ya kula, a zango ya raba dare da manya. In ya yi gyangyaɗi kura ta ɗauki jaki. Mota ta zo ta kashe ayari, ba mu kuwa kafa wani abu a gurbinsa ba. Yau saurayi sai ya ƙare jami'a ba a taɓa danƙa masa abin da in ya sake wani zai cutu ba, sa'an nan mu ce 'ya'yan zamani ba su da hankali.

Kada a ce na ɓoye haɗari. A 1957 guguwa ta kifar da jirgin Jamus mai suna Pamir cikin Atlantika. Mutum 86 ke ciki, yawancinsu samari masu koyo, shida kaɗai suka tsira. Teku ba abokin wasa ba ne, don haka ne ma umarnin kyaftin ba ya da musu.

Mu ma muna da ɗan'uwan wannan horo. A 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe makarantar Man O' War a bakin teku kusa da Victoria, wadda yau ake kira Limbe, a Kamaru. Daga baya ta dawo ƙasar Filato, tana da reshe a duwatsun Shere kusa da Jos, da wani na ruwa a Apapa ta Ikko.

Ga roƙona ga hukumar Jigawa. Ba na ce a saya mana jirgin teku ba, tsakaninmu da Ikko ya fi kilomita 1,000. Amma damina ba ta cika wucewa ba mu ji kwalekwale ya kife a ƙasar Ringim ko Haɗeja ba, yawancin waɗanda ake rasawa kuwa ba su iya iyo ba. A tara samari lokacin hutu a Warwade, mako biyu ya isa. A raba su ƙungiya uku, su dafa abincinsu, su yi gadin zangonsu, a sa masunta da sarakunan ruwa su koya musu iyo da tuƙi da ceton wanda ya nitse. Waɗanda suka fi ƙwazo a aika da su Apapa su ga teku da idonsu.

Haza wasalam. Naka mai rubuto maka daga Dutse.