Buɗe Wa Mota Ƙafa Ba Gyara Ba Ne

A garejin Haɗeja, kamar na Kano, akwai maganar da ta zama hujjar kowa: "Bature bai san hanyarmu ba." Da ita ake halatta duk abin da aka ga damar yi wa mota. Matashi ya sayo Mercedes ko BMW 'yar Kwatano, tun bai juye mata baƙin mai ba ya sa an cire ƙafafunta na asali, an ɗaura manyan rim masu siririyar taya, an huda salansa, an cusa sifesa don tayoyi su leƙo waje. Direban Golf mai jigilar shinkafa daga Auyo ko kifi daga Guri shi ma ya ɗaga bayan tasa don ta ɗauki buhunan da suka fi ƙarfinta. Dukansu gani suke sun ƙara wa mota ƙarfi. Rage mata suka yi, kuma hanyar da suke fakewa da ita ce babbar shaida a kansu.

Sifesa faifan ƙarfe ne, galibi na alminiyam, da ake sakawa tsakanin rim da mazauninsa. Akwai mai kaurin milimita 5, akwai mai 25, har da abin da ya fi haka. Aikinta ɗaya: tura taya waje. Wanda ya ƙera motar ya auna yadda nauyi zai sauka kan boris daidai. Da an tura tayar waje, nauyin ya koma gefe yana banƙarar boris ɗin. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ruwa ya san bambancin riƙe shi jikin cinya da miƙe hannu da shi: ruwan bai ƙaru ba, kafaɗa ce ke shan wuya. Haka boris da tayarod suke sha, kuma kowane rami aka faɗa sai sitiyari ya fizgi hannun direba fiye da da.

Babban haɗarin yana wajen noti. Ƙa'ida ita ce ƙusar taya ta shiga zarenta gwargwadon kaurinta, wato milimita 12 zuwa 14 a yawancin ƙananan motoci. Idan aka sa sifesa mai milimita 10 aka mayar da tsofaffin ƙusoshi, an cinye mafi yawan zaren ke nan. Mai faci zai hau kan sifana da ƙafa ya danna, ya ce "Oga, ta ɗauru." Ba ta ɗauru ba, zare biyu ko uku ne ke riƙe da ran mutum biyar. Ga kuma sifesar araha wadda ba ta da leɓen da ke zaunar da rim a tsakiya, sai taya ta zauna a karkace tana kaɗawa. Sitiyari na rawa a hanyar Kano, mai mota na cewa balansin ne.

Sai a dubi ƙasar da motar za ta taka. Yankin nan fadama ne. Da damina Kogin Haɗeja kan yi ambaliya, kuma wanda ya ga ta 2020 da ta 2022 ya san yadda ruwa ya zaizaye tituna a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Da rani kuma ga rairayi da ƙurar hunturu. Ruwa da laka da yashi su ne maƙiyan boris, balle wanda aka riga aka banƙare. Siririyar taya kuwa ba ta da naman da zai shanye dukan rami, rim ne ke karɓa, ya lanƙwashe ko ya tsage. Tayar da ta leƙo waje tana watsa wa gilashin motar baya tsakuwa, tana wanke ɗan acaɓa da taɓo.

Za a ce ai Turawa ma suna sawa. Gaskiya ne, har kamfanin Porsche ya sayar da sifesa mai milimita 5 don motocinsa, amma da dogayen ƙusoshin da aka ƙera mata. A Jamus, inda aka yi Golf da Mercedes ɗin, irin wannan canji sai da takardar amincewa ko gwajin masu duba mota irin TÜV, in ba haka ba izinin hawan motar na iya faɗuwa. Mu mun ɗauko kwalliyar mun bar awon. A nan a sayo faifai a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a sa mai injin juya ƙarfe ya yanko, ba wanda ya tambayi ingancinsa.

Cewa Bature bai san hanyarmu ba ma ba ta tsaya ba. Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, ita ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a shekarar. Ba da buɗe ƙafa ta yi suna ba, da tsayin ƙasa, da taya mai kauri, da shokazoba mai dogon numfashi. Wannan ne gyaran da fadama ke so: ƙaramin rim, taya mai nama, birki mai ci, da kaya daidai ƙarfin mota.

Direban Golf yana da uzurin neman abinci, amma uzuri ba ya tsayar da mota: ya ƙara tsayi da kaya, birkin yana nan yadda yake. Matashi mai wasan mota ranar biki kuwa ba shi da ko uzurin, garin gyaran gira yake neman rasa ido, kuma idon ba nasa kaɗai ba ne. Jami'an VIO da na FRSC su daina tsayawa kan takardu, su sunkuya su dubi ƙafar mota. Shugabannin NURTW su hana motar da aka yi wa wannan aika-aika lodi a tasha. Makanikin da ya ɗaura taya da zare uku kuma, in ta fice ta kashe wani, a neme shi tare da mai motar.