Hamza Abdullahi da Masu Gyaran Jiragen Yaƙi

Galibi idan ana zancen jiragen MiG da aka sauke a Kano a 1967, lokacin yaƙin basasa, matuƙa kaɗai ake ambata, alhali kuwa matuƙi ba ya tashi sai bisa amanar waɗanda suka kwana suna duba inji da makamai, waɗanda a ganina haƙƙinsu ne tarihi ya kiyaye sunayensu. Cikin waɗanda suka koyi irin wannan aiki akwai marigayi Hamza Abdullahi, haifaffen Haɗeja, wanda ya shiga rundunar sojan sama a 1964, ya kuma koyo fannin gyaran jirage a Jamus ta Yamma. Wannan ilimi ne mafarin aikinsa, amma jama'a ba su san shi ba sai da ya zama gwamnan Kano a 1984, daga bisani ministan Abuja.