Masu Lissafin Ranar Ƙunci

Ƙara na kawo, kuma a kan wasu masu wa'azi na Kirista ne, waɗanda suka mai da annabcin Littafi Mai Tsarki tamkar jadawalin jirgin ƙasa. Littafin Daniyel da Ru'ya ta Yohanna da sura ta 24 ta Matiyu sun yi maganar wani babban ƙunci da zai zo kafin komowar Almasihu. Wannan ba a musu. Amma a cikin wannan sura ɗin aka nuna cewa ba wanda ya san ranar ko sa'ar. To, su waɗannan masu alƙalami daga ina suka samo tasu?

Ga yadda ake yin abin. Wani manomi a Amurka, William Miller, ya ɗauki kwana 2,300 da ke cikin Daniyel, ya ce kowace rana shekara ce, ya soma ƙidaya daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi wajen 1843. Da shekarar ta wuce lafiya lau, sai mabiyansa suka gyara, suka tsai da 22 ga Oktoba, 1844. Wasu suka bar amfanin gona ba girbi. Gari ya waye, ga yunwa ga kunya. Ka ce magana ta ƙare? Ina! A 1970 Hal Lindsey ya fito da littafin da ya sayu miliyoyi, ya nuna cewa kafa ƙasar Isra'ila a 1948 ita ce alamar, zamani ɗaya kuwa kamar shekara 40 ne. Ɗan firamare ma ya iya haɗa wannan. 1988 ta zo ta wuce, ba wanda aka mayar wa kuɗin littafi.

Koyarwar da yawancin na baya-bayan nan suke dogara a kai, watau za a fyauce masu bi zuwa sama kafin shekara bakwai na ƙunci, John Nelson Darby ne ya yaɗa ta tun wajen 1830, sannan bayanan Scofield na 1909 suka shigar da ita gidajen Amurka. Katolika da Otodoks ba su koyar da ita. Akwai kuma malaman Kirista da suke ganin yawancin abin da Matiyu ya ambata ya riga ya auku a shekara ta 70, sa'ad da Romawa suka rushe Urushalima. Me ya sa ba a gaya wa talaka mai sauraro cewa akwai wannan saɓani?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ke biyan bashin kuskuren. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu, 2011. Mutane suka bar aiki, suka zuba ajiyarsu a allunan talla, shi kuwa sai a 2012 ya ce ya yi kuskure. A Koriya ta Kudu, Lee Jang Rim ya sa wa mabiyansa 28 ga Oktoba, 1992, wasu suka sayar da gidajensu suka miƙa kuɗin. Da hukuma ta kama shi da laifin zamba, sai aka tarar ya sayi takardun ajiyar kuɗi da ba za su nuna ba sai a 1993.