WASIƘAR AKAWU DAGA GUSAU: WANE LITTAFI ZA KA BA ƊAN'UWANKA?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sāke ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wa 'yan'uwa masu karatu waɗanda suka aiko mini da takardu a kan tambayar da na yi a makon jiya, watau: in an ce mutum ya zaɓi littafin hira guda ɗaya tak ya ba wanda ya ke ƙauna, wanne zai ɗauka?

Takardu uku ne suka fi tsaya mini a rai. Ɗaya daga wani matashin akawu a nan Gusau, ɗaya daga wani malami a Bunguɗu, ta uku kuwa daga wani malamin makaranta a Tsafe. Ba zan faɗi sunayensu ba, don ba su ba ni izini ba.

Shi matashin akawu ya jero mini sunayen littattafai masu yawa waɗanda ya karanta a cikin wayarsa, ko wanne kuwa abin da ya ce game da shi bai wuce "yana da daɗi" ba. Ya ƙara da cewa littattafan dā sun tsufa. To, ƙanena, na gode, amma ka bar ni inda ka same ni. Zuma da daɗi, rake ma da daɗi, amma wanda ya je kasuwa neman ɗayansu ba a ba shi ɗayan. In ka ce littafi yana da daɗi, ba ka gaya mini ko wa zai amfana da shi ba, ko a wane hali ya kamata a karanta shi.

Shi kuwa malam na Bunguɗu, Allah ya ƙara masa daraja, cewa ya yi ba zai zaɓi ko ɗaya ba, domin ƙagaggen labari ƙarya ne, mai hankali kuwa ba ya ɓata dare a kan ƙarya. Allah gafarta malam, ni almajiri ne a gabanka, amma ina da 'yar magana. Ƙarya ita ce a faɗa wa mutum abin da ba haka ya ke ba don a ruɗe shi. Mai ƙaga labari kuwa tun da fari ya sanar da kai ƙagawa ya yi, kai ma da wannan sharaɗi ka zauna sauraro. Har wa yau a duba waɗanda suka fara wannan aiki a ƙasarmu. A 1933 ne Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai da Hausar boko, aka yi gasa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Sai kuma Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Malam Bello Kagara malamin Larabci ne a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Waɗannan ba mutanen banza ba ne, ba su kuwa ga aibi a cikin wannan aiki ba.

Yanzu sai takardar malamin makaranta na Tsafe, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami yau. Abokina ne tun muna yara. Watannin baya ya aiko ya ce in ara masa wani abin karantawa, domin dare ya yi masa tsawo. Kowa ya san halin da hanyoyinmu su ke ciki a 'yan shekarun nan. Da rana ta yi sanyi matafiyi tsakanin Gusau da Tsafe sai ya fara duban sama, hirar dandali da a ke yi bayan lisha kuwa ta ragu a wurare da yawa, kowa ya shige gida da wuri. Na ɗauko tsohon Shaihu Umar ɗina, wanda bangonsa ya rabu har na ɗinke shi da zare, na ba wani direba ya kai masa.

Ga abin da ya ce a cikin takardarsa, a taƙaice. Ya karanta wannan littafi tun yana ɗan makaranta, ya kuma karantar da shi ga yara don jarrabawa, yana tsammani ya san shi ciki da waje: labarin yaro da aka sace, aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya yi karatu har ya zama babban malami. Amma a wannan karon, in ji shi, ba yaron ya gani ba, uwar ya gani. Matar nan da ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa, ta sha wuya har ƙasar Tarabulus, ta sadu da shi bayan shekaru, sa'an nan ta cika ba da daɗewa ba. Ya ce da ya kai nan sai ya rufe littafin ya yi shiru, domin a unguwarsu akwai uwayen da su ke kwana da irin wannan jira. Ya ce shekaru yana tambayar yara sunayen garuruwan da Umar ya bi, bai taɓa tambayarsu abin da uwar ta ji a ranta ba.

Jama'a, wannan ita ce amsar tambayata. Littafin bai sāke ba tun 1934, mai karatu ne ya sāke, zamani kuma ya juyo ya tarad da labarin. Wanda ya ce littattafan dā sun tsufa, ya dubi wannan. Wanda kuma ya ce ƙarya ce, ya gaya mini wace ƙarya ce ta ke sa mutum ya tuna da maƙwabciyarsa.

Saboda haka ga nawa zaɓin, ko wanne da dalilinsa da mai shi.

Wanda zuciyarsa ta ke tafasa da neman ramuwa, a ba shi Jiki Magayi. Labarin saurayi ne wanda mai dukiya ya raba shi da budurwarsa, ya ƙare ƙuruciyarsa wajen neman abin da zai rama da shi, masifar kuwa ta sauka a kan yaron da bai ji ba bai gani ba. Littafin gajere ne, wasu wurare an yi gaggawa, amma dare ɗaya ya isa a gama shi.

Wanda ya ke so ya gane yadda bindiga ta ke fita daga hannun hukuma ta shiga daji, a ba shi Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982. Labarin Mailoma ne, wanda ya tara 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa. Akwai zubar da jini da yawa a ciki, don haka ba na yara ba ne.

Wanda baƙin ciki ya dame shi yana bukatar dariya, Ruwan Bagaja ne maganinsa, ya bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta gari gari. In yara a ke so a tara, sai Magana Jari Ce, littafi uku, wanda na farkonsa ya fito a 1937.

Kai kuwa ƙanena akawu, da ka ke son labarin soyayya, nemi So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya. Shi a ke lissafawa littafin hira na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani, wadda ta so wanda ba na ƙabilarsu ba, dangi suka ƙi. Mai littafin kuwa, ko da ya ke a Kano aka haife ta, ta yi zaman shekaru a nan Gusau. Abin kunya ne a ce muna gari ɗaya da marubuci ba mu san aikinsa ba.

To, ga roƙona ga duk wanda zai aiko da nasa zaɓin. Ya faɗi sunan littafi da na mai shi. Ya faɗi irin mutumin da ya dace a ba. Ya faɗi abin da littafin ya yi masa shi kansa, da aibinsa in yana da shi, gama yabon da ba a sa gishirin gaskiya a ciki ba lami ne. Abu na ƙarshe kuma, wanda ya fi duka: in kana da littafin, ka ba da aro, wanda ya ara kuwa ya mayar. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai samunsu a kanti ya yi wuya, ɗan abin da ya rage yana cikin akwatunan mutane, gara tana ci. Littafi a akwati da rijiya a rufe duk ɗaya ne. Amma aro bashi ne, wanda ya riƙe littafin wani ya toshe ƙofar aro ga mutum goma.

Abokina na Tsafe ya mayar mini da nawa, har ya sa masa sabon bango. Na riga na ba wani direba mai bin hanyar Sakkwato ya sauke shi a Bunguɗu wurin malam. Allah gafarta malam, ka karanta, in ka gama ka rubuto mana hukuncinka, ko da ya saɓa wa nawa, za mu karɓa da hannu biyu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da waɗanda su ke hannun miyagu gidajensu lafiya, amin. Sai wani mako in muna da rai.

Ni ne naku,
Akawu, Gusau.