Tuwon Sallah da Nauyin da Muka Ɗora wa Kanmu

Duk shekara idan watan Zulhijja ya kama, akwai tambayar da ba ta yankewa a bakin masallaci: "Malam, ya halatta in ci bashi saboda hidimar Sallah?" Idan ka bincika, sau da yawa ba kuɗin rago ne ya hana mai tambayar barci ba. Surukai ne za su zo, ga ƙanne da 'ya'yansu daga wani gari, shi kuwa yana tsoron a koma ana cewa gidan wane babu abin kirki.

Cin abinci ranar Idi ibada ne. Shari'a ta haramta azumi a ranakun Idi biyu, kuma ranakun 11, 12 da 13 ga Zulhijja an ware su don ci da sha da ambaton Allah. A Suratul Hajji, aya ta 28 da ta 36, Allah Ya haɗa umarnin ci daga abin yanka da umarnin ciyar da mabuƙaci. Saboda haka tuwon shinkafa da miyar taushe, da waina, da kwanon da yara ke kaiwa gida-gida, al'ada ce mai kyau da ta zauna a kan tushe. Ba mu da ja da ita.

Abin da muke ja da shi shi ne yadda kwanon ya sauya alƙibla. A da, mai tsohuwar langa ma ana cika masa ita. Yanzu kula mai tsada tana tafiya gidan da aka san wata kular za ta fito, a tsallake bazawara mai marayu da ke jikin katanga. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta mafi munin abinci. Kuma akwai shekarar da Manzon Allah (SAW) ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda wasu mabuƙata da suka shigo Madina, daga baya ya halatta. Ajiya halal ce, babu shakka, malaman Malikiyya ma ba su ƙayyade kason da za a bayar ba. Amma mu dubi dalilin hanin nan, sannan mu dubi bokitin soyayyen nama da ke kaiwa Muharram a ɗakunanmu, a shekarun da kowa ya san halin da maƙwabcinsa ke ciki.

Sai kuma matan gida, waɗanda ba a cika ambatonsu a huɗuba ba. Tun daren jajibere suke tsaye, daga gyaran kayan ciki zuwa suya zuwa dakan dambu. Wata sai ta haɗa Azahar da La'asar ba tare da uzurin shari'a ba, don kada a ce tuwonta ya makara. Amarya kuwa jarrabawa take zaunawa a gaban dangin miji, ana auna gishirin miyarta. Alhali a Sahihul Bukhari, Nana A'isha (RA) ta shaida cewa Annabi (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. Magidancin da ya gayyato mutum 20 ya koma ƙofar gida yana taɗi, ya tambayi kansa wa ya bar wa nauyin.

Baƙo yana da haƙƙi, liyafarsa kwana uku ce. Sai dai hadisin da ya ba shi wannan haƙƙin shi ne ya hana shi zaman da zai ƙuntata wa mai masauki. Wanda zai je gidan ɗan uwansa da iyali, ya sanar tun da wuri, ya riƙo ko da mudu biyu na shinkafa ne, ya ci abin da aka kawo ba tare da kushe ba.

Ga mai tambayar bashi kuwa, amsata ba ta sauya ba. Layya a mazhabar Malik sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai taɓa larurarsa ta shekara ba. Idan ita kanta an sauƙaƙa masa, to lemon kwalba da kaji ba su kai ya kwana da bashi a wuya ba.